Tsohuwar Bindigar Soja da Masu Sake Mata Kama

Kowa ya sani, in yaƙi ya ƙare soja su kan kwance ɗamara su koma garuruwansu, manomi ya koma gonarsa, ɗan kasuwa ya koma rumfarsa. Amma ba kowa ne ya kan tsaya ya tambayi inda bindigoginsu su ke zuwa ba. To, waɗansu a kan narke su, waɗansu a kan zuba su a teku, waɗansu a kan shafe su da maiƙo a jibge a ɗakunan ajiya, saura kuwa gwamnati ta kan sayar wa 'yan kasuwa da araha. Waɗannan na ƙarshe su ne abin maganarmu. Gama in sun faɗa hannun mutanen gari ba safai a kan bar su yadda su ke ba. Wani ya datse itacen, wani ya cire ƙarfen asali ya ƙera nasa ya sa, har bindiga ta fita kamanninta, ko sojan da ya riƙe ta ya gani ba ya shaida ta.

Wannan al'ada ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya bayan yaƙin duniya na biyu, watau daga 1945. Abin da mu ke so mu bayyana wa masu karatu shi ne, ƙarafan da ke jikin bindiga iri biyu ne. Akwai wanda mai hannu zai iya ƙerawa a zaurensa ya sa, ba abin da zai same shi. Akwai kuma wanda ko sarkin maƙera ne ya taɓa shi da ka, to, ya sa idonsa da yatsunsa a caca. Za mu ɗauki bindiga guda mu yi misali da ita, don magana ta fi fita sosai.

Asalin bindigar

Bindigar da muka zaɓa ita ce wadda a ke kira Lee-Enfield. Sunaye biyu ne aka gama. Lee shi ne James Paris Lee, haifaffen Sikotilan wanda ya yi sana'arsa a Amurka, shi ya ƙago dabarar sakatarta da ma'ajin harsashinta. Enfield kuwa sunan wurin da maƙerar gwamnatin Ingila ta ke a zamanin, arewa da birnin Landan. Sojan Ingila sun fara riƙe ta a 1895, ba a kuwa kawo wadda ta gaje ta ba sai a 1957. Tana cin harsashi goma. Faɗin raminta .303 na inci, watau ya ɗan kasa sulusin inci. Irin da aka yi yaƙin duniya biyu da ita nauyinta wajen laba 9 ne, tsawonta kuwa inci 44 da rabi.

An ƙera fiye da miliyan 16, ba a Ingila kaɗai ba, har da Lithgow ta Ostareliya, da Ishapore kusa da Kalkata a ƙasar Indiya, da Long Branch kusa da Toronto a Kanada. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce, don ita sojan Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka rataya a dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945, cikinsu kuwa akwai 'yan Arewa masu yawa. Saboda ƙarkonta, masu tsaron arewacin Kanada, inda ƙanƙara ta ke daskarar da kome, sun riƙe ta tun 1947, ba a fara musanya musu ita ba sai a 2018.

Dalilin da ya sa a ke sake mata kama

In wani ya ce, bindiga mai nagarta haka, me ya kai mutum ga taɓa ta? Sai mu ce masa bukatar soja dabam, ta maharbi dabam. An lulluɓe bututun bindigar soja da itace kusan har baki, don in ya yi harbi a kai a kai ƙarfe ya yi zafi kada ya ƙona masa hannu. An sa mata ƙarfe mai nauyi a hanci don ɗaura banati. Saitin wadda aka fitar a 1907 an zana shi har yadi 2,000. Maharbi kuwa ya kan wuni yana tafiya cikin daji, watakila sau ɗaya ko sau biyu zai yi harbi, naman da ya ke nema kuma ba safai ya kan wuce yadi ɗari biyu ba. Shi ba ruwansa da banati, abin da ya ke so bindiga mara nauyi wadda ba ta sarƙewa a ƙaya.

Ga kuma araha. Bayan yaƙi tsohuwar bindigar soja ba ta kai kuɗin sabuwar bindigar farauta ko kusa ba. Saboda haka waɗansu kamfanoni, kamar Parker-Hale na Birmingham, suka riƙa saye da yawa, suna rage itace, suna sake saiti, suna goge ƙarfe, su sayar wa maharba. Waɗannan suna da injuna da ma'aunai da gwanaye. Amma da yawa a gida aka yi wa aiki, mutum ya sami zarto da magagari da guduma, ya zauna da dare bayan ya taso daga aiki, yana yi yana jin daɗin abinsa. Cikinsu akwai waɗanda suka fitar da aiki mai ban sha'awa, akwai kuma waɗanda suka tabbatar da maganar mutanenmu cewa araha ba ta ado.

Ƙarfen da ya ke tufa

Kashi na fari na ƙarafan bindiga shi ne wanda za mu kira tufa, watau wanda ba ya haɗuwa da wuta. Misalinsa ƙawanyar da a ke ɗaura maratayi, da zoben da ke ɗaure itace da bututu, da farantin da a ke bugawa a gindi inda kafaɗa ta ke tokarewa, da 'yan kunnuwan da ke kāre saitin gaba. Waɗannan duka mai hannu ya kan yi su da baƙin ƙarfe ko tagulla, ya goge, ya yi musu zane in ya so. In aikin bai yi kyau ba, iyakarta maratayi ya tsinke, ko itace ya riƙa motsi, ko maharbi ya kuskure nama ya koma gida hannu sake. Hasara ce, amma ba ta jini ba.

Duk da haka, ko a nan akwai abin lura. Bututun irin ta 1907 siriri ne, in an yi harbi ya kan yi rawa kamar tsirkiyar baka. Maƙeran Enfield sun san da haka, sai suka shirya itacen da zobensa da ƙarfen hanci yadda za su riƙe bututu a wurare sanannu, don rawar nan ta zama iri ɗaya kullum. Wanda ya datse itace ya jefar da ƙarfen hanci don neman sauƙin nauyi, wani lokaci sai ya tarar harsashi ba ya sauka inda ya saba. Kun ga ke nan, abin da ya ɗauka kaya ne kawai ashe yana da aikin da ya ke yi.

Ƙarfen da ya ke riƙe wuta

Kashi na biyu abu uku ne: bututu, da uwar bindiga wadda bututu ya ke ɗaure a jikinta, da sakata wadda ta ke tura harsashi ta kulle shi daga baya. Kafin mu gane nauyin da ke kansu, sai mu duba abin da ya ke faruwa sa'ad da aka ja kunama.

Harsashi kwanso ne na tagulla, cike da albarushi, da ƙwaya a bakinsa, da ɗan ƙyastu a gindinsa. In aka ja kunama sai wani tsinken ƙarfe ya doki ƙyastun, albarushi ya kama, nan da nan ya zama iska mai zafi wadda ta ke neman wurin da ya fi kwanson girma nesa ba kusa ba. Tana tura ko'ina daidai wa daida, gaba da baya da gefe. Bututu ya tare gefe, sakata da uwa suka tare baya, sai ya zama ba ta da ƙofa sai gaba. Shi ya sa ƙwaya ta ke fita da gudun ƙafa 2,440 a cikin sakan ɗaya. Ƙarfin turin nan kuwa ya kan kai wajen ton 19 ko 20 a kan kowane fili mai inci ɗaya tsawo inci ɗaya faɗi. Ku ƙaddara an ɗora buhun siminti ɗari huɗu a kan wuri mai girman kan sarki na wasiƙa. To, wannan shi ne abin da sakata da 'yan'uwanta su ke fama da shi a kowane harbi, alhali kuwa idon maharbi yana bayanta, tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba.

Saboda haka awon waɗannan ƙarafa ba na ido ba ne. Akwai 'yar tazara tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi. Masu gyaran makaman sojan Ingila suna da ma'aunai biyu na gwada ta, ɗaya kashi 64 cikin dubu na inci, ɗaya kashi 74. Bambancinsu kashi 10 ne kawai, watau kaurin takarda biyu ko uku. In tazarar ta yi yawa kwanso ya kan miƙe har ya tsage, iska mai zafi ta komo ta baya. Don haka ne a ke buga wa kowace sakata lambar bindigarta, irin da aka yi ta ƙarshe kuma aka yi mata kawunan sakata huɗu masu tsawo dabam dabam, lamba 0 zuwa 3, don mai gyara ya zaɓi wanda ya dace bayan ya auna. Mutumin da ya tsinci sakatar wata bindiga a kasuwa ya zura, don ya ga ta shiga ta kulle, bai san abin da ya kulle ba.

Idon maƙeri

Awo kuma ba shi ne iyaka ba, akwai sha'anin gashi. Maƙeranmu sun sani, in an gasa ƙarfe aka tsoma shi a ruwa ya kan yi tauri, in taurin ya yi yawa kuma ya kan karye kamar kasko, in an mai da shi wuta fiye da kima sai ya saki ya yi laushi. Da launin ƙarfe a cikin wuta su ke gane lokacin fitarwa, hikima ce babba, ta kuwa isa a wajen fartanya da gatari da wuƙa. Amma bari mu ba ku labarin abin da ya faru a Amurka, don ku ga iyakar inda ido ya ke kaiwa.

A maƙerar gwamnati ta Springfield, inda a ke yin bindigar sojan Amurka ta 1903, gwanaye ne waɗanda suka tsufa cikin sana'a su ke gasa uwayen bindiga, da ido su ke auna zafi. Ana nan sai waɗansu bindigogi suka fara fashewa a hannun soja. Da aka bincika, aka kafa ma'aunin zafi a matoya a ƙarshen 1917, sai aka tarar launin da gwani ya ke cewa ya yi daidai a ranar da rana ta fito tarwai ya kan fi na ranar hadari zafi da wajen digiri 300 na ma'aunin Fahrenheit. Hasken gari ne ya ke ruɗin ido. Ƙarfen da ya sha wuta haka ya ƙone, a waje ba a ganin kome, a ciki kuwa ya zama gautsi. Janar Julian Hatcher, wanda ya rubuta littafi a kan al'amarin a 1947, ya ƙidaya guda 68 da suka fashe tsakanin 1917 da 1929. A 1918 aka sake hanyar gashin, amma kafin nan an riga an yi kimanin miliyan ɗaya a Springfield da wata maƙera ta Rock Island. Har yanzu masana suna gargaɗi kada a yi harbi da ta Springfield mai lamba ƙasa da 800,000.

To, in idon gwanin maƙerar gwamnati ya ruɗe shi, ina ga wanda ya ke aiki a bayan ɗakinsa? Nan ne masu son ɗaura madubin hangen nesa su ke faɗawa rami. Wani ya sa wutar walda a jikin uwa don ya liƙa mazaunin madubi, bai sani ba ya warware gashin da aka yi mata. Wani ya huda ta inda bai kamata ba, ya raunana wurin da ke ɗauke da nauyi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kama da wane ba ta wane

Akwai wani gari a Pakistan, tsakanin Peshawar da Kohat, sunansa Darra Adam Khel, wanda mutanensa suka shahara da ƙirar bindiga fiye da shekara ɗari. Da hannu suka riƙa kwaikwayon bindigogin Ingilishi, har da Lee-Enfield, ƙusa da ƙusa, har tambarin sarauta ba su bari ba. Gwanintarsu abin mamaki ce. Masana su kan gane nasu da 'yan kurakurai, kamar harafin N a juye cikin sunan Enfield, ko tambarin Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta zo bayan 1901, alhali a shekarar nan ta rasu. Amma babban aibin irin waɗannan tsofaffin kwaikwayo ba a tambari ya ke ba. Da ƙarfen da ya samu aka yi su, ko na dogo ko na tsohuwar mota, ba wanda ya san irinsa ko gashinsa. Don haka masu tara tsofaffin makamai su kan saye su don kallo, ba don harbi ba.

Wani zai ce, ai maƙeranmu sun daɗe suna yin adaka, wadda maharba su ke shiga daji da ita, 'yan bindigar sarki kuma su ke bugawa ran hawan salla. Gaskiya ne, amma albarushin ba ɗaya ba ne. Adaka baƙin albarushi ta ke ci, irin na dā mai hayaƙi, wanda turinsa galibi bai kai rabin na harsashin soja ba. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi mara hayaƙi, Ingilishi kuma suka fara sa irin nasu a harsashin .303 a 1891. Tun daga nan bindigar soja ta shiga wani aji dabam. Ko adakar ma, kowa ya san ta kan fashe in an cika mata ciki ko bututu ya ci tsatsa, balle a kai ga wannan. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Gwaji da doka

Mutanen Ingila sun daɗe da gane cewa ba a shaidar lafiyar bindiga da kallo. Tun 1637 aka ba ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ikon gwaji, a 1813 kuma aka kafa gidan gwaji a Birmingham. A can a kan ɗura wa bindiga harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, a tayar da ita daga bayan kāriya, sa'an nan a duba. In ta jure a buga mata hatimi. Laifi ne a ƙasar a sayar da wadda ba ta da hatimi, wadda aka yi wa aikin da ya raunana bututu ko uwa kuma sai ta koma gwaji.

A Amurka kuwa, dā mutum ya kan aika da kuɗi ta gidan waya a kawo masa tsohuwar bindigar soja har gida. Da irin wannan ce, ta sojan Italiya mai madubi a kai, aka harbe shugaban ƙasar, John Kennedy, a 1963, a 1968 kuma aka yi dokar da ta toshe wannan hanya. A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izinin hukuma ba, ta kuma sa bindigar soja mai ramin .303 cikin jerin waɗanda aka haramta wa mutanen gari. Saboda haka wannan bayani namu na sani ne, ba na gwadawa ba.

Hasarar da ba ta jini ba

Saura abu guda. Jikin tsohuwar bindigar soja kamar allo ne rubutacce. Akwai kambin sarauta da shekarar ƙira da sunan maƙera. Akwai alamar kan kibiya mai nuna kayan gwamnati ne, in an sayar da ita kuma a kan buga kibiya biyu baki da baki. Haruffan FTR suna nuna ta koma maƙera an yi mata gyara sosai. A gindin na farko akwai ɗan faifan tagulla inda a ke buga sunan ƙungiyar sojan da ta riƙe ta. Wanda ya bi wannan duka da magagari don ƙarfe ya yi sheƙi ya wanke allon. Har ma akwai haruffan DP, waɗanda su ke nuna an ware bindigar don koyon fareti kaɗai, ba a yarda a yi harbi da ita ba. Wanda ya goge waɗannan biyu ya goge gargaɗi, ya bar wa mai saye na gaba tarko.

Ga kuma yadda zamani ya juya. Da ya ke an yanka da yawa, waɗanda ba a taɓa ba sun yi ƙaranci, yanzu sun fi yankakku tsada a wurin masu tara kayan tarihi. Har a kan sami jikoki suna yawon neman itace da zobe da ƙarfen hanci don su mai da bindigar kakansu yadda ta ke dā. Itace da zobe a kan samu a mayar, amma bututun da aka datse da uwar da aka huda ba su komowa.

Abin da za mu riƙe dai shi ne, a kowace sana'a akwai wurin da hannu da ido su ke isa, akwai kuma wurin da sai ma'auni da gwaji. Gwanin kirki shi ne wanda ya san kan iyakar nan ya tsaya, ko a bindiga ko a birkin mota ko a tukunyar gas ta girki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.